Gudan jini ko waswasi? Fargabar masu allurar testostiron

Mu ɗauki misalin wani matashi ɗan shekara 24 a birnin Mancesta na Ingila. An haife shi mace, yanzu yana rayuwa a matsayin namiji, kuma wata biyar ke nan da asibiti ya ɗora shi a kan allurar testostiron, sinadarin da ke sa murya ta buɗe, gemu ya tsiro, tsoka ta cika. Ƙarfe biyu na dare ya farka ya ji sharaɓarsa ta hagu tana ɗan tsuka. Ya kunna fitila, ya jera ƙafafun biyu yana gwada su da ido. Ya danna wurin da babban yatsa, ya ji zafi. Ya sake dannawa don ya tabbatar, zafin ya ƙaru. Ya lalubo tef irin na tela ya auna kaurin kowace ƙafa, ta hagun ta ɗara da rabin santimita. Kafin gari ya waye ya karanta shafi ya fi goma a wayarsa, duk bakinsu ɗaya: gudan jini a jijiyar ƙafa yana iya ɓallewa ya bi jini zuwa huhu, ya kashe mutum nan take. A daidai nan ƙirjinsa ya ɗaure, zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya ƙi cika. Alamomin da shafukan suka lissafa ke nan, ɗaya bayan ɗaya.

Na san masu karatu da yawa suna da matsayarsu a kan sauya jinsi, ta addini da ta al'ada, kuma ba ita ta kawo ni ba. Tambayar likitanci ce ta ja hankalina: a cikin tsoron wannan matashi, nawa ne gaskiya, nawa ne waswasi? Ga shi kuma allurar ba ta masu sauya jinsi kaɗai ba ce. Dattawan da sinadarin ya yi wa ƙaranci suna karɓar ta da takardar likita, 'yan ɗaga ƙarfe suna sayen ta ta bayan fage, har a garuruwanmu. Ɓargon kowa iri ɗaya yake amsa mata.

Duk macen da ta taɓa zuwa awon ciki ta san PCV. A soki yatsa, a ja jini cikin siririn bututun gilashi, a juya shi a inji, jajayen ƙwayoyin su kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama, sai a auna kashi nawa cikin ɗari ƙwayoyin suka ci. A wajenmu ƙarancinsa ake gudu, shi ya sa kowa ya saba jin "Hajiya, jininki ya yi ƙasa." Mai testostiron kuwa yawansa ake sa wa ido. Sinadarin yana zuga ƙoda ta ƙara aika wa ɓargo saƙon ya ƙera jajayen ƙwayoyi, sannan yana danne wani sinadarin hanta mai suna hepsidin, wanda shi ne mai gadin ƙofar da sinadarin ƙarfe ke bi ya shiga jini. Mai gadi ya yi barci, ƙarfe ya wadata, ɓargo ya samu kayan aiki. Haila ma ta ɗauke, babu sauran jinin da ke fita duk wata. Shi ya sa tun asali PCV na maza ya ɗara na mata: lafiyayyar mace takan faɗa tsakanin 36 da 46, namiji kuma tsakanin 40 da 50 ko sama kaɗan, gwargwadon ma'aunin ɗakin gwajin.

Daga nan ake fara samun firgita ta banza. Idan fayil ɗin mutum a asibiti har yanzu "mace" aka rubuta, kwamfutar ɗakin gwaji da ma'aunin mata za ta auna shi. PCV ɗinsa ya fito 47, ta manna masa jan tambari, sakamakon ya faɗo wayarsa da daddare kafin wani likita ya duba. Alhali 47 a jikin da ke ɗauke da testostiron daidai da na maza lamba ce ta yau da kullum, kuma likitocin wannan fanni da ma'aunin maza suke karanta ta.

Amma jinin yana iya wuce iyaka da gaske. Asibitin jami'a da ke Amsterdam a ƙasar Holan, wanda ya shafe shekaru da dama yana kula da masu sauya jinsi, ya bi diddigin mutum 1,073 da ke kan testostiron, aka wallafa sakamakon a 2021. A shekarar farko matsakaicin PCV ɗinsu ya tashi daga 39 zuwa 45. Kashi 11 cikin ɗari sun haura 50, kashi 3.7 sun haura 52, rabin kashi ɗaya kacal suka haura 54. Wato yawancinsu sun hau sun tsaya a inda maza suke tsayawa. Abin lura a binciken shi ne hawan ba ya ƙarewa da shekarar farko: yiwuwar mutum ya taɓa haura 50 kashi 10 ce bayan shekara ɗaya, amma ta kai kashi 38 bayan shekara goma. Waɗanda abin ya fi samu su ne masu shan taba, masu ƙiba, masu ciwon huhu, da masu karɓar allura mai dogon zango. Saboda haka ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2017, ta ce a auna jinin kafin a fara, a riƙa aunawa duk wata uku a shekarar farko, daga nan sau ɗaya ko biyu a shekara. In ya haura, akwai matakai: a rage yawan maganin, a tsawaita tazarar allura, a koma man shafawa wanda bai cika tayar da jini kamar allura ba, a bar taba, in ta kama a ɗebe jini leda guda kamar yadda ake yi wa mai ba da gudummawa.

To, kaurin jini shi ne gudan jini? Hankali yana saurin cewa eh, domin kowa ya ga yadda kunu mai kauri ke yin gudaji. Jiki bai yi sauƙi haka ba. Ana jingina wa wani likitan Jamus na ƙarni na 19, Rudolf Virchow, bayanin abubuwa uku da ke haɗuwa su haifar da gudan jini a jijiya: jini ya daina gudu ya kwanta, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Kauri yana taɓa ɗaya ko biyu daga ciki, amma yawancin gudajin da ake gani a asibiti suna zuwa ne bayan tiyata, ko karaya, ko doguwar jinya a kwance, ko ciki da jego, ko ciwon daji. Akwai kuma lamba ɗaya da ke yawo a intanet tana hana mutane barci, wato 45. Asalinta wani gwaji ne da aka yi a Italiya, aka wallafa a 2013, a kan masu wata cutar ɓargo da ke sa shi ƙera ƙwayoyi ba birki. A wajen waɗannan marasa lafiya riƙe PCV ƙasa da 45 ya rage toshewar jijiyoyi ƙwarai. Sai dai cutarsu ba ta tsaya a jajayen ƙwayoyi ba, tana taɓa fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini. Wanda ya ɗauki ma'auninsu ya gwada a kansa ya ari rigar da ba tasa ba.

Manyan binciken da aka yi a kan masu sauya jinsin kansu biyu ne aka fi ambata. Na farko na cibiyar lafiya ta Kaiser Permanente ne a Amurka, a 2018, da ya ƙunshi mutum 2,842 da suka sauya zuwa mata da 2,118 da suka sauya zuwa maza. A ɓangaren farko, masu shan istirojin, wato sinadarin mata, an ga gudan jini ya ƙaru a fili, kuma tazarar tana faɗaɗa da shekaru. A ɓangaren masu testostiron abin da ya faru bai kai yawan da za a yanke hukunci a kai ba. Na biyu daga Amsterdam ne a 2019, mai mutum 1,358 a ɓangaren testostiron, kuma bai ga ƙarin gudan jini a jijiyoyin ƙafa da huhu ba. Abin da ya gani shi ne toshewar jijiyar zuciya ta fi yawa a cikinsu idan aka gwada da sauran mata, amma ba ta bambanta a fili da ta sauran maza ba.

A nan ne nake ganin rabin tsoron ya samo asali. Labarin gudan jini a duniyar sauya jinsi labarin istirojin ne, musamman wani nau'insa da ke cikin ƙwayoyin tsarin iyali, wanda asibitoci suka daina bai wa masu sauya jinsi saboda wannan dalili. Hukumar magunguna ta Turai ta ƙiyasta cewa a cikin mata 10,000 da ba sa shan ƙwayar, kimanin 2 ke samun gudan jini a shekara, masu shan ta kuwa tsakanin 5 da 12 gwargwadon nau'in. Gargaɗin da aka yi wa maƙwabci ne ya tsallako katanga.

Ɗaya rabin kuma yana da tushe, kada a shafa wa kowa mai a baki. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sa a rubuta gargaɗin gudan jini a takardar kowane maganin testostiron, kuma irin wannan takardar ce matashin namu yake warwarowa daga kwali ya karanta. Wani bincike a Birtaniya a 2016, a kan mazan da aka haifa maza, ya nuna haɗarin yana ɗan tashi a watanni shidan farko na shan maganin sannan ya lafa. Gwaji mafi girma, mai suna TRAVERSE, ya fito a 2023: maza sama da 5,000, 'yan shekara 45 zuwa 80, masu ciwon zuciya ko masu haɗarin kamuwa da shi, an ba rabi man testostiron, rabi man da ba magani a ciki. Manyan matsalolin zuciya sun zo kusan kunnen doki, kashi 7.0 da 7.3. Gudan jini a huhu kuwa ya ɗan fi yawa a masu maganin, kashi 0.9 a kan 0.5. Waɗannan dattawa ne masu larura, ba 'yan shekara 24 ba, kuma a tsakanin matasa gudan jini abu ne da ke samun kusan mutum ɗaya cikin 10,000 a shekara. Ko ka ninka wannan sau biyu, ƙarami ne. Amma ba sifili ba ne, kuma likita mai gaskiya ba zai ce sifili ba.

Wannan 'yar tazara tsakanin "ƙarami" da "babu" ita ce gidan waswasi. Masana halayyar ɗan Adam suna kiran larurar da fargabar rashin lafiya, kuma tun shekarun 1980 wasu masana biyu a Ingila, Paul Salkovskis da Hilary Warwick, suka bayyana yadda take ciyar da kanta. Mutum ya ji wani abu a jiki, ya fassara shi da mafi muni, tsoro ya tashi, tsoron ya haifar da sababbin alamu, ya duba ko ya tambaya, ya samu sauƙi na ɗan lokaci, sauƙin ya koya wa ƙwaƙwalwa cewa dubawar ce ta cece shi. Gobe sai ta nemi a duba sau biyu. Mu da muka tashi a cikin karatun Ahalari da Ishmawi ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Mai waswasin alwala yana wanke hannu, ya yi shakka, ya sake, kuma kowace maimaitawa ƙara wa shakkar ƙarfi take yi, har a tayar da salla yana bakin famfo. Malamai ba sa ce masa ya ƙara kyautata wankin. Cewa suke ya gina a kan abin da ya yi, ya wuce.

Gudan jini kuwa kamar an ƙera shi ne don mai waswasi. Yana iya zuwa ba sallama, yana iya kisa, kuma alamominsa, ciwon ƙafa da haki da bugun zuciya da ciwon ƙirji, su ne dai alamomin firgita. Ga mai testostiron an ƙara masa wasu tarkunan. Allurar a tsokar cinya ko ɗuwawu ake yin ta, cikin mai take, nau'in Sustanon a man gyaɗa, nau'in Nebido a man zurma, kuma wurin yakan yi tsami kwana biyu ko uku, wani lokaci tsamin ya sauko ƙafa. Da yawa sukan fara motsa jiki da ɗaga ƙarfe a daidai wannan lokaci, tsoka ta yi ta ciwo. Da yawa kuma suna ɗaure ƙirji da matsattsiyar riga don ya kwanta, awa takwas ko fiye, abin da ke kawo ciwon haƙarƙari da ƙarancin numfashi. Har akwai wani tari da kan turnuƙe wasu cikin mintuna bayan allura mai dogon zango, saboda ɗigon man ya shiga jijiya ya kai huhu. Sunansa a takardar magani ya yi kama da na gudan jini a huhu, amma mai ne, yawanci yakan wuce da kansa, shi ya sa a Amurka ake zaunar da mutum rabin awa a asibiti bayan irin wannan allura. Wanda maciji ya taɓa sara ma in ya ga tsumma gudu yake, balle wanda aka ce masa akwai maciji a ɗakin, aka kashe fitila.

Rabin santimitan da matashin ya auna ba komai ba ne, ƙafafun mutane kaɗan ne suke daidai wa daida. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi, wanda wani likitan Kanada, Philip Wells, ya tsara, kumburin da ya haura santimita 3 yake ƙirgawa, tare da tambayoyi irin su: an yi maka tiyata kwanan nan? Ka kwanta jinya? Ka taɓa samun gudan jini? Idan maki ya yi ƙasa sai a yi gwajin jini mai suna D-dimer, wanda ƙarfinsa a kore zargi yake. In ya fito lafiya, an gama. Rauninsa shi ne ƙaramin abu ke tayar da shi, mura mai zafi ko rauni ko kumburi, don haka wanda ya matsa a riƙa yi masa shi duk mako, wata rana zai fito sama ba dalili, a tura shi hoton ƙirji, a ga wani ɗan tabo marar ma'ana, sabon tsoro ya samu abinci.

Duk da haka mai waswasi ma jiki gare shi, gudan jini ba ya tambayar ko kana da fargaba kafin ya zo. Ƙafa ɗaya da ta kumbura a fili, ta yi ɗumi, launinta ya sauya, ciwon kuma bai lafa da hutu ba, asibiti ake zuwa a ranar. Hakin da ya faɗo farat ɗaya, ciwon ƙirji mai suka idan an ja numfashi, tari da jini, jiri har faɗuwa, waɗannan na gaggawa ne ko da mutum ya je sau biyar a baya an ce lafiyarsa ƙalau. Abin da masu jinyar wannan larura ke yi shi ne su zauna da mutum da rana tsaka, hankali kwance, a rubuta waɗannan alamu a takarda. Abin da ke cikin takardar a tafi asibiti ba shawara. Abin da ba ya ciki, ba aunawa, ba dannawa, ba tambayar waya, a jira kwana biyu. Da farko tsoron yakan ƙaru, daga baya ya sauka. Wani gwaji a asibitocin Ingila mai mutum 444, da aka wallafa a 2014, ya nuna zama biyar zuwa goma na irin wannan jinya ta magana yana rage fargabar, kuma amfanin ya daɗe.

Abin da ya fi ba ni haushi da wannan tsoro shi ne yadda yake karkatar da ido. Matashin da ke auna sharaɓa sau ashirin a rana yana iya kunna sigari don ya kwantar da hankalinsa, alhali tabar ce ke ƙara masa PCV, ita ce kuma ke lalata jijiyar zuciyar da binciken Amsterdam ya nuna da yatsa. Hawan jini, kitsen jini, ƙiba, minsharin da ke yanke numfashi cikin barci, babu wanda ke yin tsuka ƙarfe biyu na dare, saboda haka ba sa samun kulawa. Wasu kuma tsoro kan sa su fara haɗiyar asfirin kullum ba da sanin likita ba, ko su yanke maganin rana ɗaya, su dawo, su sake yankewa. Gudun gara, an faɗa gidan zago: asfirin na iya sa ciki zubar jini, wanda kuma aka riga aka cire wa ƙwan mahaifa in ya zauna ba kowane sinadari ƙashinsa ne zai yi ta zaizayewa.

Akwai tambayoyin da suka cancanci a kai wa likita sau ɗaya, a samu amsa, a rufe. Ko wani a gida, uwa ko uba ko ɗan'uwa, ya taɓa samun gudan jini da ƙuruciya? Akwai wani gadon saurin daskarewar jini da aka gano a birnin Leiden na Holan a 1994, yana jikin kusan kashi 5 cikin ɗari na Turawa, amma da wuya a same shi a baƙar fata. Mu namu gadon daban ne: mai AS, wanda bai ɗauki kansa marar lafiya ba, bincike a Amurka ya nuna haɗarin gudan jini a huhunsa ya kusa ninka na mai AA, mai sikila kuwa nasa ya fi haka. Duk wanda ya fito daga yankinmu zai taɓa testostiron, ko don wane dalili, ya kamata likitansa ya san wannan. Sai maganar tiyata da doguwar tafiya a jirgi, lokutan da haɗarin ke tashi da gaske kuma ake da matakan kariya. Sai kuma abin da ake yawan mantawa: testostiron ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne, kuma ciki yana cikin manyan masu kawo gudan jini. Ko ranar gwajin PCV ma akwai abin kiyayewa, domin wanda ya je da ƙishirwa ruwan jininsa ya ragu, lambar za ta fito sama da gaskiyarta.

Duk wannan lissafi ya ginu ne a kan mutumin da ke da likita da ranar gwaji. A Birtaniya layin jiran asibitocin jinsi na gwamnati yana cin shekaru, kuma a cikin jiran wasu sukan sayi maganin ta intanet, daga hannun waɗanda ke sayar wa 'yan ɗaga ƙarfe, ba tabbacin abin da ke cikin kwalbar, ba wanda ya auna jininsu kafin su fara. Irin wannan mutum in ya farka da tsukar ƙafa ba shi da wata lamba da zai tuna ya koma barci, kuma sau da yawa yana jin nauyin gaya wa likitan unguwa abin da yake yi. Hukumar da ke kula da aikin likitoci a ƙasar, GMC, ta buɗe ƙofa a ƙa'idojinta: a wasu yanayi likitan unguwa yana iya rubuta maganin wucin gadi ga wanda ya riga ya fara sha da kansa, bayan ya nemi shawarar ƙwararre, don a rage cutarwa kafin layi ya zo kansa. Likitoci da dama ba sa yarda su yi, suna cewa ba fanninsu ba ne. Gwajin PCV ɗin da ake ta wannan ja-in-ja a kansa kuwa, a asibitin karkara ma minti goma ake yi a karanta wa mai ciki sakamakonta.